Hannu da Sa-hannu: Me Mai Tara Gilashi Yake Saya?

Watanni kaɗan da suka wuce, na fito daga shirin safe na tarar da kira har uku a wayata daga wani aminin mahaifina, ɗan kasuwa a nan Akra wanda Allah ya yi wa buɗi. Da yamma na je gaishe shi a sabon gidansa. Bayan mun gaisa sai ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini hoton wani curin gilashi mai murɗe-murɗe, shuɗi da ruwan ɗorawa, wanda wani dillali ya ce zai kawo masa daga waje a rataya a tsakiyar falo.

"Ɗana," in ji shi, "kai da ka taka Landan, kuma kullum kuna cikin bincike, gaya mini tsakani da Allah, wannan abin ya ci kuɗinsa?"

Na ce, "Baba Alhaji, wa ya yi shi?"

Ya ce dillalin ya ce masa irin na Chihuly ne. Na ce irin nasa ne, ko nasa ne? Ya yi dariya ya ce, "To ai gilashi gilashi ne."

A ranar ban ba shi amsa ba, domin ni ma tambayar ta tsaya mini a rai. Ko da a ce abin na Chihuly ne na haƙiƙa, da takardarsa da sa-hannunsa, ba bakin Chihuly ne ya hura shi ba, ba kuma hannunsa ne ya juya shi ba. To me mai saye yake biyan kuɗinsa? Wannan ita ce tambayar da nake so mu duba tare.

Tara abin da ba a amfani da shi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya tashi a zango ya san jeren ɗakin uwarsa. A kabad ɗin mahaifiyata akwai kofunan gilashi guda goma sha biyu da har ta aurar da ƙannena ba a taɓa shan ruwa da ko ɗaya daga cikinsu ba. Ana sauke su a goge a mayar, kamar yadda kakata take yi wa kwanoninta na jere. Saboda haka idan aka ce akwai attajirai a Amurka da Turai da ke kashe dukiya suna tara tasoshin gilashi da ba a zuba komai a ciki, ba ni da bakin yi musu dariya. Bambancin kawai shi ne, nasu kowane guda yana ɗauke da sunan mutum, kuma sunan ne ke yanke farashi.

Abin mamaki, wannan fanni ya fara ne da tawaye ga irin wannan tsari. Kafin 1962, aikin gilashi a Amurka na masana'antu ne: mai zane yana ofis yana zanawa, ma'aikata suna gaban wuta suna hurawa, kamfani ya buga tambarinsa. A watan Maris na wannan shekarar, Harvey Littleton, malamin ginin tukwane a Jami'ar Wisconsin, ya tara wasu 'yan tsirarun mutane a wani gareji na gidan adana kayan fasaha na birnin Toledo a jihar Ohayo, don ya gwada ko mutum ɗaya zai iya narka gilashi a ɗan ƙaramin tanderu, ya hura abinsa da kansa. Gwajin farko bai yi ba. Sai Dominick Labino, masanin haɗa gilashi a wata masana'anta, ya gyara musu tanderun, ya kuma kawo musu wasu 'yan dunƙulallun gilashi masu saurin narkewa. Burin Littleton shi ne wanda ya yi tunanin siffa ya zama shi ne mai yin ta.

Akwai wani mutum a wannan labarin da ba kasafai ake ambatonsa ba. Sunansa Harvey Leafgreen, tsohon ma'aikacin kamfanin gilashi na Libbey da ya yi ritaya. Shi ne ya shigo garejin ya ɗauki bututun ƙarfe ya nuna wa masu digiri yadda ake hura gilashi. Ana kiran Littleton da Labino iyayen wannan fanni, amma dattijon da ya iya aikin tun kafin su fara sai an tona ake jin sunansa. Tun ranar farko ke nan matsalar da nake magana a kai tana cikin ɗakin.

Don mai karatu ya gane dalilin, sai ya san yadda aikin yake. Ana narka gilashi a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,000. Mai aiki ya tsoma bututu ya naɗo narkakken gilashi kamar ana ɗibar zuma, ya riƙa juya shi ba tsayawa, domin da ya tsaya zai zube. Yana hurawa, yana mayarwa wuta, yana gyara siffa da awartaki da jiƙaƙƙen katako. Idan abin babba ne, dole wani ya hura, wani ya kawo ƙarin gilashi, wani ya kare hannun maigida daga zafi, wani ya buɗe ƙofar tanderu a daidai lokacin. Bayan an gama a saka shi a wani tanderun mai zafin kusan digiri 500 ya huce a hankali, in ba haka ba ya tsage da kansa, wani lokaci bayan kwanaki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a aikin gilashi wannan ba karin magana kawai ba ce.

Dale Chihuly, wanda aka haifa a 1941 a garin Tacoma, ɗalibin Littleton ne. A 1968 ya je masana'antar Venini a tsibirin Murano na Italiya, inda masu aikin gilashin Venis suke tun da aka umarce su da komawa can a 1291. A can ya ga yadda gwani ɗaya ke aiki da ayarin mataimaka, ya kuma dawo da wannan tsari Amurka. A 1971 yana cikin waɗanda suka kafa makarantar gilashi ta Pilchuck a jihar Washington. A 1976 hatsarin mota a Ingila ya raba shi da ganin idonsa na hagu, a 1979 kuma kafaɗarsa ta goce, daga nan ya ajiye bututu. Tun daga lokacin yana zanawa ne, yana tsaye yana ba da umarni, wasu suna hurawa. Wato mafi shahara a fannin da aka kafa don haɗa mai tunani da mai yi ya shafe sama da shekara arba'in ba ya yi da hannunsa.

Na ga aikinsa ido da ido sau ɗaya, lokacin da aka tura mu wani ɗan gajeren horo a Landan. A babbar ƙofar gidan adana kayan tarihi na Victoria da Albert, ƙarƙashin ƙubba, akwai wani curin gilashi nasa da ke rataye, tsawonsa kimanin mita 8, an haɗa shi da gutsattsari sama da dubu, shuɗi da kore da rawaya, kowanne ya murɗe kamar jelar ƙadangare. Babu fitila a cikinsa, hasken da ake haska masa daga waje yake mayarwa. Ba zan yi ƙarya ba, na saki baki. Na ɗauki hoto kamar kowa. Amma da na fito bayan awa uku na sake ɗaga kai, sai na ga babu abin da ya rage mini in gano. Duk abin da yake da shi ya ba ni a kallon farko. A aikinmu na rediyo mun san irin wannan muryar: mai ƙarfi, mai daɗi, tana kama kunne a minti na farko, amma idan ka rubuta abin da ta faɗa a takarda sai ka ga bai cika layi biyu ba.

Wannan shi ne sukar da nake yi wa manyan ayyukan Chihuly. Hikimarsu a yawa take da girma da launi. Ɗauki guda ɗaya daga cikin dubun nan ka ajiye a tebur, kyakkyawan abu ne, amma da shi da maƙwabcinsa ba su da wani bambanci da zai sa ka tsaya. Ba mamaki ɗaya daga cikin ayyukansa mafi shahara yana rufin zauren otal ɗin Bellagio na Las Vegas, inda aka jera furannin gilashi kusan 2,000 a 1998. Otal na buƙatar abin da zai burge baƙo tsakanin ƙofa da teburin karɓar makulli, kuma aikin ya dace da wannan buƙata ɗari bisa ɗari. Ɗakin mutum kuwa wuri ne da zai ga abu safe da yamma shekara da shekaru.

A ɗakin gilashi na wannan gidan dai na tsaya gaban wani aiki na Stanislav Libenský da matarsa Jaroslava Brychtová, mutanen ƙasar Cek. Su ba hurawa suke yi ba, zubi suke yi, kusan yadda maƙeranmu na fari ke zuba tagulla. Mijin ya zana, matar ta gina siffar da yumɓu, a yi mazubi, a cika shi da gilashi a narka, sannan a bar shi ya huce a tanderu, wanda idan aikin mai kauri ne yakan ɗauki makonni. Launi ɗaya tak suke zubawa. Inda gilashin ya yi kauri launin ya yi duhu, inda ya yi siriri ya yi haske har ya kusa ɓacewa. Da na matsa taku biyu gefe sai tsakiyarsa ta buɗe, da na dawo ta rufe. Babu abin da ya motsa sai ni da hasken taga. Irin wannan aikin da tagulla ko itace ba zai yiwu ba, domin hasken da ke ratsa cikinsa shi ne rabin siffar. A ganina wannan shi ne ma'auni na farko ga mai tara gilashi: idan aka yi wannan siffar da roba mai sheƙi, me za a rasa? Idan amsar ita ce ba komai, to ƙyalli kawai ake sayar maka.

Kuma a jikin takardar aikin sunaye biyu ne, na mai zane da na mai gini. Ban ce sun cika adalci ba, domin su ma akwai ma'aikatan garin Železný Brod da suka yi musu mazubi da goge-goge, waɗanda ba a rubuta su ba. Amma ko ba komai an amsa cewa aikin ba na mutum ɗaya ba ne.

Na san abin da masu kare Chihuly za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce mai zanen gini ba ya ɗora bulo, amma ginin nasa ne. Za su ce ko a wurinmu, malamin da ke zana aska takwas a jikin babbar riga ba lallai ne shi ke zama da allura ba. Za su ce Chihuly bai taɓa ɓoye ayarinsa ba, finafinan da aka yi a kansa suna nuna su ƙarara, kuma shagonsa ya zama makaranta: William Morris, wanda ya yi shekaru yana hura masa gilashi, ya fita ya yi nasa sunan, kuma Lino Tagliapietra, gwanin Murano da aka haifa a 1934, ya yi aiki tare da shi a fili. Duk wannan gaskiya ne. Ban ɗauki jagorantar ayari a matsayin yaudara ba. Ido da ke cewa "ƙara ja a nan, tsaya haka" shi ma aiki yake yi.

Inda na rabu da su shi ne kasuwa. Fim yana nuna ayari, amma rasidi da takardar shaida da allon jikin bango suna ɗauke da suna ɗaya, kuma su ne ke bin aikin zuwa gidan gwanjo. A 2005 Chihuly ya kai wani tsohon mai hura masa gilashi ƙara kotu, tare da wani mutum, yana zarginsu da kwaikwayon ayyukansa. An sasanta da tsohon ma'aikacin a 2006. Ba ni da hurumin cewa wane ne mai gaskiya, amma shari'ar ta fito da tambayar fili: idan hannun da ya yi shekaru yana yin wata siffa da sunan maigida ya fita ya yi mai kama da ita da sunan kansa, satar me ya yi? Hannu ɗaya ne, wuta ɗaya ce, gilashi ɗaya ne, sa-hannu ne kawai ya canja, kuma da shi farashi ya bi. Hausawa sun daɗe da yi wa wannan suna: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A nan dole in faɗi laifina. Shirin da nake gabatarwa, mutum huɗu ne ke yin sa. Akwai mai shiryawa da ke kwana tana neman baƙi, akwai injiniyan da ke gyara sauti, akwai yaron da ke yanka hirarraki. Idan na shiga kasuwar Nima ni ake tarewa a ce shirin jiya ya yi daɗi, ni kuma in amsa da godiya kamar ni kaɗai na yi. Sai bayan da na fara wannan tunanin na koma karanta sunayensu a ƙarshen shiri. Daƙiƙa goma yake ci, kuma shekara shida na yi ban ba su ba.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan rigimar Turawa ce, ina ruwanmu? Ruwanmu ya fi yadda muke zato. Kakana fataucin duwatsun ado ya yi, kuma har yau duk wanda ya je kasuwar duwatsu ta Koforidua ranar Alhamis zai tarar da Hausawa a bayan tebura. Da yawa daga tsofaffin duwatsun da suke sayarwa a Murano aka yi su, tsibirin nan da Chihuly ya je koyo, aka kawo su gaɓar tekunmu a jiragen fatake. Daga baya masu tarawa na Amurka da Turai suka dawo suna saye suna mayar da su. Ba wanda ya san sunan wanda ya yi su a can, ba wanda ya rubuta sunan wanda ya adana su a nan.

Kuma muna da namu masu aikin gilashin da ke raye. A ƙasar Krobo, a Odumase da kewaye, na zauna na ga yadda ake daka kwalabe a turmi har su zama gari, a tankaɗe, a zuba a mazubin yumɓu launi bisa launi, a soka karan ganyen rogo a tsakiya don ya ƙone ya bar rami, a gasa a tanderun da aka gina da ƙasar suri, sannan a goge da yashi da ruwa a kan dutse. A garin nan ne Michael Tetteh, wanda ya koyi hura gilashi a Holan, yake narka tsofaffin kwalabe da gilashin taga da na talbijin yana hura tasoshi, yana kuma koya wa matasa. A Bida ta ƙasar Nufe, mutanen Masaga sun gaji narka gilashi kaka da kakanni. A Ile-Ife, masu tonon tarihi sun gano shaidar cewa ana haɗa gilashi daga tushe a wurin da ake kira Igbo Olokun ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa. Amma idan ɗayanmu ya tsaya gaban mai duwatsun Krobo, taya wa yake yi kamar yana sayen tumatir, kuma ba ya tambayar wa ya yi. Wanda zai biya dillali dubban daloli don abin da aka ce "irin na wane ne" shi ne zai yi minti ashirin yana neman ragin sidi biyar. Mu ma ashe suna muke saye, sai dai mun yanke cewa suna daga ƙetare kawai yake zuwa.

Ga wanda ke tunanin gilashi jari ne kamar fili, ina ba shi shawara ya yi hattara. Gilashi idan ya tsage ba ya gyaruwa ba tare da tabo ba, kuma ɗan tsagi ko ɓantarewar baki yana karya darajarsa. Ɗaukarsa daga ƙasa zuwa ƙasa tsada ne da haɗari. Ba kuma kowane aiki ne ke dawo da kuɗin da aka saye shi ba idan aka kai shi gwanjo. Wasu daga cikin manyan masu tarawa ma kyauta suka yi da nasu: Ben Heineman da matarsa Natalie sun miƙa wa gidan adana gilashi na Corning, wanda aka buɗe a 1951 a jihar New York, ayyuka kusan 240 da suka shafe shekaru suna tarawa. Abin da ya ba tarin nasu daraja shi ne sun bi masu aikin ɗaya bayan ɗaya, suna sayen ayyukansu na lokuta daban-daban, ta yadda mai kallo zai ga yadda hannun mutum ya girma. Wannan shi ne tarawa mai amfani: tana barin tarihi a baya. Wanda ya sayi kwaikwayo don ya cika falo, ya yi ado, amma bai tara komai ba.

Bayan mako biyu na koma wurin Baba Alhaji. Na ce masa tambayoyi uku zai yi wa dillalin, kuma su ne zan ba duk mai son shiga wannan harka. Na farko, wa ya yi shi, da sunansa, kuma su wa suka taya shi? Na biyu, ina takardar da ke nuna inda ya fito da hannun da ya bi? Na uku kuwa kansa zai yi wa: idan ya kalle shi da hasken safe, ya sake kallonsa da na la'asar, yana ganin wani abu sabo? Dillalin ya kasa amsa ta farko. Ya ce daga wata masana'anta ake kawowa, kowane launi ake so akwai.

Ban hana Alhaji saye ba, kuɗinsa ne, kuma in ado yake so ba laifi, muddin ya biya kuɗin ado. Amma na roƙe shi wata Asabar mu hau hanyar Odumase, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba, ya tsaya kusa da tanderu ya ji zafin a fuskarsa, ya ga mai aikin. Ya ce, "Ɗana, wato so kake in sayi kwalbar lemo da aka narka?" Na ce, "Baba, wancan na hoton ma yashi ne da aka narka." Ya yi shiru, sannan ya ce in tuna masa bayan Sallah.

Ko ya je ko bai je ba, abin da nake fata shi ne idan ya ɗauki tasa ko dutsen ado ya ji ya kwanta masa a rai, ya tambayi sunan wanda ya yi, ya sa a rubuta masa a takarda, ya ajiye tare da abin. Da irin wannan 'yar takardar aka gina sunayen da ake biyan miliyoyi a kansu yau, kuma babu abin da ya hana mu fara rubuta namu. Allah ya sa mu ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa.